Wa ya taɓa tsayawa tsintar duwatsu a doguwar tafiya?

Baban yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tafiyar kwana huɗu a mota tare da ɗana mai shekara 11, wanda duwatsu suka shiga ransa. Ina so mu riƙa tsayawa muna tsinta, amma ban san inda ya dace a tsaya ba. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku ba mu labari.

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Malam, ka sa ido inda aka tsaga tudu aka wuce da titi. Masu aikin hanya sun riga sun yi maka haƙa. Na yi shekaru ina wuce irin waɗannan wurare ban kula ba, sai ranar da mota ta ɗau zafi na tsaya. Ina jiran ta huce sai na ga wata farar jijiya ta ratsa baƙin dutse kamar an ja layi da alli. Na ɗauki guntun da ya faɗo ƙasa na goga a jikin kwalba, ya karce ta. Ashe kwaz ne, taurinsa 7 a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin ma'adinai da shi, gilashi kuwa wajen 5.5. Yana nan a ɗakina har yau. Amma ka faka nesa da kwana, kuma kada yaron ya tsaya ƙarƙashin dutsen da ya leƙo, musamman bayan an yi ruwa.

Malamar jogarafi: Ni rafi na fi so. Duk gadar da kuka haye, ku leƙa ƙasa. Ruwa yana kwaso duwatsu daga nesa ya zube su a cikin kwanar rafi, inda gudunsa ya ragu. Ku je bayan ruwa ya janye, ku riƙa jiƙa dutse kafin ku yar, don busasshe yana ɓoye launinsa.

Kafin tafiya nakan ɗora hanyata a kan taswirar duwatsun yankin, sannan in duba Mindat, shafin intanet na bayanan ma'adinai, in ga ma'adinan da aka taɓa samu a kusa. A jakata kullum akwai maganaɗisu, da ruwan khal, da fasasshen tayil. Khal yana sa kalsait, ma'adinin da ke cikin dutsen farar ƙasa, ya yi kumfa. Bayan tayil, wajen da ba sheƙi, shi ya raba mana gardama ranar da ɗalibata ta tsinto wani abu rawaya mai walƙiya, jikinta har rawa yake yi, wai zinare. Muka goga, layin ya fito baƙi-baƙi. Firit ne, ma'adinin da ke kama da zinare. Da zinare ne da layin ya fito rawaya, kuma da an buga shi zai baje maimakon ya farfashe. Ta ji ba daɗi, amma da na nuna mata kusurwoyinsa huɗu-huɗu kamar an yanka da wuƙa, sai ta ƙi rabuwa da shi.

Matafiyi: Yaya, kafin guduma, izini. Na taɓa shiga wani fili da na zaci ba mai shi, sai ga mai wurin ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Na ba shi haƙuri, daga baya shi da kansa ya kai ni inda duwatsun suka fi kyau. Dokoki ma sun bambanta ko a ƙasa ɗaya. A Amurka na je Crater of Diamonds a jihar Arkansas, inda za ka biya kuɗin shiga ka tona, abin da ka samu naka ne. A can aka samu daiman mai karat 40.23 a 1924. Ni na wuni ban samu ko ɗaya ba, sai 'yan duwatsun jasfa. A gandun Petrified Forest na Arizona kuwa, haramun ne ɗaukar ko ɗan guntun itacen da ya zama dutse. Sannan tsohon ramin haƙar ma'adinai, kada ku shiga ko da wasa: yana ruftawa, iskar ciki kuma tana iya kisa.

Malamar jogarafi: Na manta: kowane dutse ku naɗe shi a takarda, yaron ya rubuta wuri da kwanan wata da hannunsa. Ina da kwali guda da ban san inda na samo su ba, yana min ciwo.

Baban yara: Allah ya saka da alheri. Na saya masa tabarau na kare ido da ƙaramin littafi. Malama, guduma mai wane nauyi ta dace da hannun yaro?