Samfuri ya dace da awo, shi ke nan ya inganta?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Na rubuta lissafin gudun injin famfon burtsatse, na gwada shi da awon da na ɗauka a Barnawa, layukan biyu sun hau kan juna. A ganina samfurin, wato lissafin nan da ke kwatanta injin, ya inganta, saura in tsara kwantirola, na'urar da za ta riƙa daidaita gudun injin.

Injiniyan Kakuri: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a wane wata ka yi awon?

Ɗalibi: Janairu, Yallabai. Da safe.

Injiniyan Kakuri: To, injin hunturu ka auna. Turjiyar wayar jan ƙarfe, wato yadda take tare wutar lantarki, tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri. In koyil, wato naɗin wayar cikin injin, ya tashi daga digiri 25 zuwa 75, ƙarin ya kusa kashi 20. Zafin Afrilu zai ba ka labari. Kada ka ba turjiya lamba ɗaya, ba ta iyakar ƙasa da ta sama.

Malama: Ni kalmar "ya inganta" ce ma ban yarda da ita ba. Awo ƙaryata samfuri yake iya yi, ba ya tabbatar da shi. Ka faɗi iyakar kuskuren na'urar awonka tukuna. In babu wata ƙima a cikin iyakokin da za ta haifar da abin da ka auna, samfurin ya faɗi. In akwai, bai faɗi ba yau, shi ke nan.

Bakaniken Panteka: Malama, da girman kujerarki, to ai sai in buɗe iyakar ta yi faɗi, ba awon da zai kayar da ni.

Malama: Za ka biya a wajen kwantirola. Dole ya riƙe duk injin da ke cikin iyakar, sai ya fito da sanyin jiki, matsin ruwa ya sauka yana jan ƙafa.

Ɗalibi: Amma ƙimomin ba su ƙirguwa. Yaya zan gwada duka?

Injiniyan Kakuri: Kharitonov, wani masanin lissafi ɗan Rasha, ya sauƙaƙa wannan tun 1978. Jerin lissafi huɗu kacal za ka duba. In sun tsaya daram, wato gudun injin bai yi tangal-tangal ba, duk sauran da ke cikin iyakar sun tsaya.

Malama: Da sharaɗi, Injiniya: kowace lamba tana canzawa ba ruwanta da 'yar'uwarta. In ƙima ɗaya ta shiga wuri biyu, gwajin yakan yi tsauri fiye da kima, ya ƙi kwantirola mai kyau.

Bakaniken Panteka: Ni dai yaro, koma Barnawa da azahar, tanki na cika.