Ƙanwata za ta yi shekara a gidan Turawa a Amurka, me za ta shirya?

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata mai shekara 16 ta samu gurbin musayar ɗalibai na sakandare, irin na shirin YES na gwamnatin Amurka. A watan Agusta za ta tafi, an ba ta gida a wani ƙaramin gari a jihar Iowa. Mutanen gidan ba Musulmi ba ne, kuma suna da kare. Hajiyarmu ta kasa barci saboda batun abinci da sallah. Ni kuma ba na son ta je ta ƙule a ɗaki har shekara ta ƙare ba ta koyi komai ba. Don Allah masu sani ku taimaka mana.

Malam Na-Tsakar-Gida:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ki kwantar wa Hajiya da hankali. Abin da ya fi ɓata zaman irin wannan ba naman alade ba ne, kawaicinmu ne. A nan idan aka miƙo wa baƙo abinci ya ce "na ƙoshi", sai an sake tayi sau biyu. Can ana ɗaukar maganarka yadda ka faɗe ta, a mayar da kwano firji. Yarinya sai ta kwana da yunwa tana ganin an yi mata rowa, su kuma suna ganin ba ta son girkinsu. Haka sunkuyar da kai idan babba na magana: mu ladabi ne, su sai su zaci tana ɓoye wani abu. Rufe ƙofa a zauna a ɗaki tun daga la'asar kuma, a wurinsu alamar fushi ce.

Saboda haka a makon farko ta zauna da uwar gidan da takarda da biro. Ta tambayi ƙarfe nawa ake cin abincin dare, wane aiki ne nata, yaushe za ta yi wanki, ƙarfe nawa dole ta dawo gida, za ta iya buɗe firji ba tare da izini ba. Ita ma ta faɗi nata dalla-dalla: ba alade, ba giya, tana buƙatar minti goma sau biyar a rana don sallah, kuma kada kare ya shiga ɗakinta saboda nan take shimfiɗa sallaya. Ba biyan su ake yi ba, don ra'ayin kansu suka karɓe ta, kuma akasari suna jin daɗin a faɗa musu gaskiya. In abu ya gagara, akwai jami'in shirin a yankin wanda doka ta ɗora wa tuntuɓar ta duk wata. Shi za ta fara kira, ba ku ba. Idan ta kira gida tana kuka, ku ba abin da za ku iya daga nan sai hawan jini.

Uwar Madafa:
Malam ya yi gaskiya, amma kada a raina batun abinci, domin alade can yana da sunaye da yawa. Ta haddace waɗannan: pork, ham, bacon, pepperoni, lard. Na ƙarshen kitsen alade ne, yana shiga ɓawon wasu kayan gashi da waken gwangwani. Gelatin ma sau da yawa daga alade ake yin sa, yana cikin alewa mai danƙo da marshmallow. Ruwan vanilla na ainihi da ake sa wa kek, aƙalla kashi 35 cikin ɗari nasa barasa ne. Tambarin kosher na Yahudawa yana tabbatar da babu alade, amma bai hana giya ba. A ƙaramin gari naman halal na da wuyar samu, don haka tun daga gida ku tambayi malaminku hukuncin yankan Ahlul Kitabi ta tafi da matsaya guda. Kifi, ƙwai, wake da taliya kuwa ba gardama.

Kada ku sa mata kilishi ko dambun nama a jaka, kwastan za su kwace. Kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji ta rubuta su a takardar shiga ta nuna, rashin bayyana abinci ne ke jawo tara, daga dala 300. Turaren wuta kuma a bar shi a gida. Kowane gida akwai na'urar jin hayaƙi a rufi, gawayi ɗaya ya isa ta tashi mutanen gida da ƙara. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Haka in za ta yi musu miyar gida, kada ta bar manja ya yi hayaƙi, ta kunna fankar saman murhu ta buɗe taga.

Injiniya Ɗan Birni:
Ƙari kaɗan. Ƙarfin wutar lantarkinsu volt 120 ne, namu 230. Cajar waya da aka rubuta 100–240 a jikinta tana aiki, kan soket kawai za a canza. Dutsen guga na nan ba zai yi zafin kirki ba. Banɗakinsu ba shi da magudana a ƙasa, ruwan da ya zuba nan zai kwanta ya jiƙa katako. Ta tafi da ƙaramar buta ta roba, ta wanke ƙafa a cikin bahon wanka, labulen wanka kuma ya zama bakinsa na cikin baho. Atamfa da leshi kada su shiga injin busar da kaya, suna tsukewa.

Alƙibla daga Iowa arewa maso gabas take. A Disamba rana na faɗuwa kafin biyar, azahar da la'asar su matso cikin lokacin makaranta, sai ta roƙi mai ba ɗalibai shawara ya nuna mata ɗakin da ba kowa. Muna gaban su da awa 6, daga farkon Nuwamba zuwa Maris ya koma 7. Kiran gida sau ɗaya a mako ya isa.

Malam Na-Tsakar-Gida:
Na manta tambayarki ta biyu. Abokai a makarantunsu a ƙungiyoyi da wasanni ake samu, ba a aji ba, domin kowane darasi da ɗalibansa daban. Wasannin kaka irin su gudun dogon zango suna fara atisaye tun a Agusta, kuma sai likita ya duba ta ya sa hannu kafin a karɓe ta, don haka ta nemi takardar da zarar ta sauka. Ana gudu da hijabi da dogon wando. Bikin Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, cin talotalo ne da dangi, ta kai dafadukarta teburin. Zuwa coci ba a tilasta mata, ta ce a'a cikin fara'a in ba ta so. Tuƙin mota haramun ne a dokar shirin, yana iya sa a dawo da ita. Hawan doki ko sulun ƙanƙara kuwa ta fara tambayar jami'in, domin wasu sai iyaye sun sa hannu, kuma inshora ba komai take biya ba.

Yayar Amarya:
Allah ya saka da alheri. Na riga na cire kilishin daga jerin kaya. Turaren wutan ne dai ban san yadda zan shawo kan Hajiya ba, har ta aika a haɗo mata na Maiduguri.