Wine na sauya wa filash ɗina harafi, ya zan tsayar da shi a E:?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan abin nan ya sha mini kai.

Ina amfani da Ubuntu 24.04 (wani nau'in Linux) da Wine 9.0 (mai sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux), saboda wata tsohuwar manhajar lissafin shago ta Windows da ba ta neman bayananta ko'ina sai a E:. Bayanan kuwa a filash suke. Yau in soka filash ɗin ya fito a E:, gobe in na riga soka wani, sai ya koma F:, manhajar ta ce ba ta ga komai ba, ga masu saye tsaye a gabana.

Na shiga winecfg, wajen saitin Wine, na gyara harafin da hannu. Na kuma leƙa ~/.wine/dosdevices, foldar da Wine ke ajiye haruffan, na goge e: da e::, na sake ƙulla e: da umarnin ln -s zuwa foldar filash ɗin a /media. Ya yi aiki ranar, washegari sai ga sabon f: ya tsiro da kansa, kamar ban taɓa komai ba.

Na fahimci mountmgr, wani ɓangare na Wine, shi ne ke raba haruffan idan UDisks2, mai kula da na'urorin ajiya a Linux, ya sanar da shi an soka na'ura. To, akwai hanyar hana shi wannan rabon ba tare da C: da Z: sun lalace ba? Ko in bi ta fstab (fayil ɗin da ke gaya wa Linux foldar da zai buɗe na'urar ajiya a ciki) da UUID (lambar shaidar filash ɗin) ne?

Don Allah wanda ya sani ya taimaka. Na gode.