Ɗana zai hau Galibiye da keke, in bar shi?

Mai shagon Zariya, Maradi:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana da ke karatu a Faransa ya aiko mini hoto, wai zai hau mashigar dutsen Galibiye da keke. Na ga ƙanƙara a gefen kwalta, hankalina ya tashi. Yaron da bai taɓa wuce Madarunfa da keke ba! Wa ya san wurin?

Tsohon direba:
Alhaji, na bi ta da mota. Tsayinta mita 2642, ta fi Bagzan ta Ayar tudu. Daga ƙauyen Valloire hawa ne zalla, kusan kilomita 18, kwana kan kwana. A sama iska ba ta cika ƙirji, sai da na tsaya ina haki. Kana hango dutsen La Meije fari fat.

Malamar lakwal:
Baba, lokacin da muke damina a nan kaɗai ake buɗe ta, lokacin sanyi ƙanƙara ke rufe hanyar. 'Yan babban tseren keken zagaye Faransa, wato Tour de France, na hawanta tun 1911. Ya tafi da rigar sanyi, ya gwada birki, gangarowar ta fi haɗari.

Mai shagon Zariya:
Na gode. Zan ce ya jira Yuli, kuma kada ya tafi shi kaɗai.