Silika ko ZBLAN: wanne ya fi dacewa da erbiyum?

Ɗalibi_Fiziks: Assalamu alaikum malamai. Ina rubutun aikin digirina na biyu kan na'urar ƙara wa haske ƙarfi a zaren gilashi, wadda ake zuba wa gilashinta sinadarin erbiyum don ya ƙarfafa hasken. Na karanta cewa gilashin fuloraid, wato ZBLAN, yana ba da ƙari mai faɗi kuma daidaitacce fiye da silika, wato gilashin da aka saba yin zaren da shi. To me ya sa kusan duk na'urorin erbiyum na layukan sadarwa silika ce? Abin ya ɗaure mini kai.

Tsohon_Injiniya: Wa alaikumus salam ɗana. Na taɓa riƙe zaren ZBLAN da hannuna: ga saurin karyewa, ga shan danshi, kuma narkar da shi a haɗa da zaren silika sai an sha wuya, don zafin narkewarsu ya yi nisa da juna. Silika kuwa, a zuba mata alumina (sinadarin alminiyum da iskar oksijin), erbiyum ba zai dunƙule wuri ɗaya ba, kuma zangon tsawon igiyar haske na nanomita 1530 zuwa 1565 da yake ƙarfafawa ya wadatar.

Malama_Haske: Gaskiya ne Injiniya, amma kar a raina fuloraid. Ƙarfin girgizar ƙwayoyin silika ya kai kusan 1100 cm⁻¹, na ZBLAN bai wuce 600 ba. Shi ya sa prasiyodimiyum, wani sinadarin ƙarfafa haske irin erbiyum, a nanomita 1310 ba ya tsinana komai cikin silika, makamashin zafi yake komawa. Erbiyum ne ya yi sa'a, wannan girgizar ma taimakonsa take idan aka cusa masa hasken nanomita 980 don ba shi makamashi.

Ɗalibi_Fiziks: Na gode ƙwarai. Gilashin telurait fa?

Malama_Haske: Zangonsa ya fi faɗi, amma ma'aunin lanƙwasa haskensa kusan 2 ne, ya fi na silika, shi ya sa haske na dawowa baya a mahaɗarsa da zaren silika. Ka ware masa babi guda.