Ina yin Rosari kowane dare amma hankalina ba ya wurin: shin addu'ata tana karɓuwa?

Malamar firamare ta rubuta:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Na daɗe ina riƙe da wannan tambaya a raina, domin kunya ta hana ni yin ta a gaban matan zumunta, waɗanda suke ganina a matsayin mace mai ƙwazon ibada. An yi mini baftisma ina jaririya, na taso a gidan da ba a kwanciya sai an yi Rosari, wato addu'ar carbi ta 'yan Katolika, kuma na ci gaba da wannan al'ada a gidan aurena tare da maigidana da 'ya'yanmu uku. Ba na fashin Misa ranar Lahadi, a lokacin Azumi kuwa da wuya Hanyar Gicciye ta ranar Juma'a ta wuce ni.

Damuwata ita ce, kusan shekara biyu ke nan bakina ne kaɗai yake addu'a. Ina tashi tun ƙarfe biyar in dafa abin kari, in shirya yara, in tafi makaranta in wuni a tsaye ina koyarwa. Lokacin da za mu durƙusa da ƙarfe tara na dare, jikina ya riga ya mutu. Yatsuna suna tafiya a kan ƙwayoyin Rosari, amma hankalina yana kan kuɗin makaranta, da zubin adashi, da abin da zan ɗora a wuta gobe. Sau da yawa autata ce take taɓa ni ta ce, "Mama, kin yi barci." Da asuba kuma nakan ji maƙwabcinmu Musulmi yana buɗe ƙofa zai tafi masallaci, ko ana ruwa ko ana sanyin hunturu, sai in ji na raina kaina.

Tambayata ita ce: addu'ar da aka yi da baki alhali zuciya tana wani wuri, tana da wani matsayi a gaban Allah? Kuma ta yaya mutum zai gane cewa yana girma cikin bangaskiya, idan ya daina jin daɗin da yake ji a dā sa'ad da ya durƙusa?

Tsohon katikis ya amsa:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Na yi shekaru masu yawa ina koyar da katikisma a ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa sai sau ɗaya a wata, kuma babu kukan da na fi ji daga bakin masu ibada na gaske kamar wannan naki. Wanda bai damu da Allah ba, warwatsewar hankali ba ta hana shi barci. Wanda ya damu ne take ci wa rai.

Ikilisiya ba ta ɓoye wannan matsala ba. Littafin Katikisma na Ikilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya keɓe kashinsa na huɗu gaba ɗaya ga addu'a, kuma a ciki ya kira addu'a yaƙi. A sakin layi na 2729 ya yi bayanin warwatsewar hankali, ya nuna cewa wanda ya tsaya farautar tunane-tunanen da suke shigo masa ya riga ya faɗa tarkonsu, abin da ake bukata kawai shi ne a komo ga zuciya, domin abin da yake ɗauke mana hankali yana tona mana abin da muka ƙwallafa rai a kai. Saboda haka idan kuɗin makaranta ya shigo miki a tsakiyar "A gaishe ki Maryamu", kada ki yi kokawa da shi. Ki ɗauke shi ki ajiye a gaban Ubangiji, ki ambaci sunan yaron da kike damuwa a kansa, sannan ki ci gaba daga ƙwayar da kika tsaya. Ba sai kin koma farko ba.

Waliyyai ma sun bi ta wannan hanya. Waliyyiya Teresa ta Abila, a ƙasar Sifen, ta faɗa da kanta cewa ta yi shekaru tana shiga addu'a hankalinta yana kan agogo, tana ƙosawa lokacin ya cika. Waliyyiya Teresa ta Yaro Yesu, wadda ta rasu a Faransa a 1897 tana da shekara 24, ta sha yin barci a lokacin addu'a, kuma ta amsa cewa Rosari yana yi mata wuya ƙwarai. Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne tunanin cewa iyaye suna ƙaunar yaransu ko suna farke ko suna barci. Ke uwa ce, kin fi ni sanin gaskiyar wannan.

Shawarata ita ce ki rage yawa domin ki sami zurfi. Maimakon asirai biyar da gudu a lokacin da gajiya ta ci ƙarfinki, ki ɗauki asiri ɗaya, wato labari ɗaya daga rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansa cikin Rosari, ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki karanta inda labarin yake, sannan ki yi ƙwayoyi goma a hankali. Idan ziyarar Maryamu ga Alisabatu ce, tana cikin Luka sura 1 daga aya 39. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, lokacin da ya ƙara asirai na haske a 2002, abin da ya fi nanatawa shi ne Rosari duban fuskar Almasihu ne tare da mahaifiyarsa. Inda kuma kalmomi suka ƙare miki, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana taimakon kasawarmu, gama ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba.

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Yaya, na karanta saƙonki ina kan aikin dare, kuma kamar labarina kike bayarwa. Aikinmu ba ya barin mutum ya tsayar da lokaci guda, wannan mako kina aikin safe, mako mai zuwa kina kwana a asibiti. Na yi ta ɗora wa kaina laifi har wani Fada ya nuna mini cewa ina ƙoƙarin yin ibadar sista mai zaman gidan addu'a alhali ni matar aure ce mai aiki. Waliyyi Faransis na Sales ya koyar tun ƙarni na 17 cewa ibadar mai sana'a dabam take da ta bishop, ta matar aure kuma dabam da ta gwauruwa, kowa gwargwadon matsayinsa da ƙarfinsa.

Game da maƙwabcinki, ni ma ina ganin abokan aikina Musulmi suna shimfiɗa darduma a lungun ofis idan lokacin salla ya yi, kuma maimakon in raina kaina, sai abin ya tuna mini cewa mu ma muna da lokutanmu waɗanda muka yi sakaci da su. Addu'ar Mala'ikan Ubangiji ana yin ta ƙarfe shida na safe, da sha biyu na rana, da shida na yamma, kuma ba ta cin minti uku. Na sa ƙararrawa a wayata. Idan ta buga ina tsakiyar duba majiyyaci, nakan gama da shi tukuna, sannan in yi ta a zuciya ina wanke hannu.

Amma abin da ya fi canza ni shi ne binciken zuciya da dare, irin wanda Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya koyar. Nakan fara da godiya a kan abin da na samu a ranar, in roƙi haske, sannan in bi ranar daga safe zuwa dare in ga inda na amsa wa Allah da inda na juya masa baya, in nemi gafara, in ƙudura abu ɗaya na gobe. A nan ne na sami amsar tambayarki ta biyu. Na gano cewa ranar da na ji daɗin addu'a har da hawaye, a ranar ce na daka wa wata tsohuwa tsawa domin ta zubar da magani. Wata rana kuma addu'ata ta bushe ƙamas, amma na zauna na saurari mai jinyar da kowa ya gaji da ƙorafinta. Galatiyawa 5:22 ba ta lissafa jin daɗin addu'a cikin 'ya'yan Ruhu ba, amma ta lissafa ƙauna da haƙuri da kirki. Ki tambayi kanki yadda kike yi da yaron da ya fi kowa taurin kai a ajinki, bana da bara.

Mai koyar da mawaƙan coci ya amsa:

Ina gaida Baba katikis, kuma da izininsa zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Shawarar asiri ɗaya tana da kyau ga addu'ar Mama ita kaɗai, amma ina jin tsoron a rage Rosarin iyali. Ni ban koyi bangaskiya a aji ba, na koye ta ne a kan tabarma ina gyangyaɗi kusa da mahaifiyata, kuma lokacin da na yi nisa da coci ina saurayi, muryarta tana jan addu'ar ce ta riƙa dawo mini. Yarinyar nan da take tashin Mama daga barci tana koyon wani abu mai girma, wato cewa a gidansu ana durƙusawa ko an gaji.

Abin da nake gani shi ne a canza lokacin. Ƙarfe tara ya yi dare ga wadda ta tashi tun biyar. A gwada yi kafin cin abincin dare, ko da zarar an gama, kuma a raba jagorancin: maigida ya ja asiri ɗaya, kowane yaro ya ja ɗaya, a sa gajeriyar waƙa a tsakani domin a wartsake. Sannan Mama ta nemi minti goma nata na kanta da asuba, kafin ta hura wuta, ta karanta Bisharar ranar a hankali sau biyu, ta riƙe jimla ɗaya ta tafi da ita makaranta. Markus 1:35 ya nuna Yesu da kansa ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa domin ya yi addu'a, bayan ya wuni yana warkar da marasa lafiya.

Malamar firamare ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun mayar da Rosari ƙarfe bakwai, kuma barcin ya ragu. Na kuma gwada binciken zuciyar nan dare huɗu a jere, sai ya fito mini da abin da ban faɗa muku ba, domin ni kaina ban haɗa su ba. Shekara biyu ke nan ba ma magana da faccalata, tun wata rigima da aka yi a kan gonar gado. Muna zuwa coci ɗaya, kuma nakan zaɓi wurin zama yadda ba za mu haɗu a gaisuwar salama ba. Na lura cewa idan muka zo wurin da ake roƙon gafara a cikin "Ubanmu", kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, nakan yi sauri in wuce. Baba, ko wannan yana da hannu a bushewar da nake ji?

Tsohon katikis ya sake amsawa:

'Yata, ba zan yanke miki hukunci cewa wannan ne kaɗai dalili ba, domin gajiyarki gaskiya ce, kuma akwai bushewar da Allah yake bari ba tare da laifin mutum ba. Amma Katikisma ta bambanta su a sakin layi na 2731: idan bushewar ta zo ne domin Maganar ta faɗi a kan dutse ba ta yi saiwa ba, to abin da ake bukata shi ne tuba. Shekarun biyu sun zo daidai, kuma ke da kanki kika gani.

Ki karanta Matiyu 5:23 da 24, inda Ubangiji ya ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ki je wurin Fada ki furta wannan a sakramentin tuba kamar yadda kika rubuta shi a nan, ba tare da kin ba da tarihin laifinta ba. Maganar gona ki bar wa mazan gidan da dattawa, sulhu bai tilasta miki ki ce an yi adalci ba. Daga daren yau ki sa sunanta a ƙwaya ɗaya ta Rosari, ko da bakinki ya yi nauyi. Ranar Lahadi kuma ki zauna a inda hannunki zai kai gare ta.