Neman kalmar Hausa: gambarar daba ko gambarar 'yan daba?

Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan sunan salon waƙar nan ta Amurka da ake ce wa gangsta rap, domin duk lokacin da labarin gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, ya biyo ta kanta, sai kowa ya kama tasa hanya: wani ya rubuta “waƙar 'yan iska”, wani “gambarar 'yan bindiga”, wani ma har ya kai ga “waƙar 'yan ta'adda”. Rabin sunan ba shi da gardama, tun da kafofin yaɗa labarai sun daɗe suna kiran rap da gambara ko gambarar zamani, kuma kunne ya saba. Gardamar tana kan ɗaya rabin. Ni abin da nake gabatarwa shi ne “gambarar daba”, ba tare da “'yan” a tsakiya ba, kuma hujjata mafi ƙarfi daga filin ƙwallo na samo ta.

Ƙwallon da nake nufi shi ne ƙwallon ƙafar Amurka, wanda ake sa hular kwano a runguma ƙwallo a ruga da ita. A 1982 ƙungiyar Raiders ta tashi daga Oakland ta koma Los Angeles, ta riƙa wasa a filin Coliseum da ke kudancin birnin, kusa da unguwannin baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko. A Janairun 1984 ta lashe kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, bayan ta lallasa Washington da maki 38 da 9. Kayanta baƙi ne da ruwan azurfa, tambarinta kuwa ɗan fashin teku ne mai ido ɗaya a rufe, da takubba biyu a gicciye a bayan kansa, kuma mai ita, Al Davis, ya yi suna wajen ɗaukar 'yan wasan da sauran ƙungiyoyi suka gaji da halinsu. A shekarun nan ne hodar ibilis ta mamaye waɗannan unguwanni, dabar Crips mai shuɗi da dabar Bloods mai ja suka raba tituna, ta yadda launin rigar yaro kaɗai yana iya jawo masa harsashi.

Da ƙungiyar mawaƙan N.W.A ta fito daga Compton, wani gari da ke kusa da Los Angeles, a ƙarshen shekarun 1980, sai ta zaɓi baƙin kaya da hana-sallar Raiders. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin baƙi ba na Crips ba ne, ba kuma na Bloods ba, saboda haka mai sanye da shi yana da kwarjinin ɗan daba ba tare da ya yi mubaya'a ga wata daba ba. Hular ta bi faifan waƙa ta zaga duniya, har ta kai kan yaran da ba su taɓa kallon wasan Raiders ko sau ɗaya ba, kuma a farkon shekarun 1990 wasu makarantu a Amurka suka hana ɗalibai sa kayan ƙungiyar. Raiders ta koma Oakland a 1995, amma dangantakar ba ta mutu ba, har Ice Cube, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya shirya wa tashar ESPN fim a kanta a 2010.

To, idan muka auna sunayen da ake bayarwa da wannan tarihi, uku za su faɗi nan take. “'Yan ta'adda” a Hausar yau suna ne na masu kai hari da bam da masu tayar da ƙayar baya, “'yan bindiga” kuwa mai karatu a Zamfara ko Maraɗi ba zai ji shi ya tuna da kowa ba sai masu satar mutane a daji. Bai dace mu ɗauki kalmomin da jama'a suke binne 'yan'uwansu a kansu mu liƙa wa salon waƙa ba. “'Yan iska” kuma hukunci ne, ba suna ba. Mai fassara da ya rubuta shi ya riga ya yanke wa mai karatu shari'a.

Saura “gambarar 'yan daba”, wadda na san ita ce ta fi sauƙin fita daga baki, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Wani abokin aiki ya kare ta da misalin Gambu, wanda kowa ke kira mai waƙar ɓarayi, ya ce ai “waƙar ɓarayi” ba ta mai da mawaƙin ɓarawo ba. Gaskiya ne, amma a tsarin waƙar Hausa, idan aka jingina waƙa ga wasu mutane, ana nufin su ne iyayen gidan makaɗin: su ake wasawa, su ke yin kari, kamar yadda Kassu Zurmi yake ga 'yan tauri da mafarauta. Wannan waƙa ta Amurka ba haka take ba. Ba Crips ko Bloods ne suka riƙe ta ba, kamfanonin faifai ne suka sayar da ita miliyoyi, kuma da yawa daga masu saye matasan fararen fata ne da ke zaune nesa da Compton. Su kansu 'yan N.W.A sun fi son a kira abin da suke yi waƙar zahiri, wato bayar da labarin abin da ke faruwa a unguwa, musamman cin zalin 'yan sanda, wanda waƙarsu a kansa ta sa wani jami'in hukumar FBI ya aika wa kamfaninsu takardar ƙorafi a 1989. Ice Cube karatun zanen gine-gine ya yi a Phoenix, Dr. Dre kuma mai sa faifai ne a gidajen rawa kafin ƙungiyar ta kafu.

Daba kuwa, idan aka bar ta ita kaɗai, wuri ce da rayuwa: matattarar da ake zama, iyakar unguwa da ba a tsallakewa, kirari, ƙwaya, ramuwar gayya, da sintirin 'yan sanda. “Gambarar daba” tana tafiya a kan awo ɗaya da “waƙar noma” da “kiɗan farauta”, inda aka ambaci fagen da waƙar take yawo a ciki, aka bar mutum ya amsa sunansa da aikinsa.

Ba ina wanke kowa ba ne. Eazy-E na N.W.A ya yi dillancin ƙwaya kafin ya kafa kamfaninsa na faifai, Snoop Dogg bai taɓa ɓoye alaƙarsa da Crips ta Long Beach ba, kuma Suge Knight, wanda ya buga wa Los Angeles Rams wasa biyu lokacin yajin aikin 'yan wasa na 1987 kafin ya kafa kamfanin faifai na Death Row, yana gidan yari tun bayan hukuncin shekara 28 da aka yanke masa a 2018 saboda kashe mutum da mota. Akwai kuma zagin mata da ɗaukaka bindiga a cikin waƙoƙin, abin da ni ba na ganin wani uzuri yana goge shi. Wanda aka tabbatar ɗan daba ne, a kira shi ɗan daba, Hausa ba ta rasa kalmar ba. Abin da nake gudu shi ne sunan salon ya riƙa yanke wannan hukunci a kan duk wanda ya raɓe shi.

Filin ƙwallo ya nuna irin ɓarnar da hakan ke yi. A 2008 hukumar NFL ta ɗauki ƙwararru su riƙa duba bidiyon wasanni ko za su ga ɗan wasa yana nuna alamar daba da yatsunsa. A Janairun 2014 kuma, bayan Seattle Seahawks ta doke San Francisco 49ers ta samu gurbin Super Bowl, Richard Sherman ya tsaya gaban kyamara da gumi a fuska da kitso har kafaɗa, ya ɗaga murya yana cika baki a kan abokin hamayyarsa, abin da a dandalin dambe za mu kira kirari kawai. Kafin gari ya waye, tashoshi da shafukan intanet sun cika da kiransa thug, wato ɗan daba. Haifaffen Compton ne, amma ya kammala digiri a jami'ar Stanford, kuma shi da bakinsa ya ce kalmar ta zama wata karɓaɓɓiyar hanya ta yi wa baƙar fata tsohon zagin nan na wariyar launi. Mai fassara da ya saba rubuta “gambarar 'yan daba” zai iske hannunsa ya yi saurin rubuta “ɗan daba” a kan irin wannan matashi don kawai ga unguwar da ya fito da irin waƙar da yake saurare.

An tambaye ni ko daba ba kalmar Kano ba ce kaɗai, ganin a Gombe kalare ake cewa, a Bauchi da Jos sara-suka, a Damagaram kuma matasa suna da nasu sunan. Haka ne, amma waɗancan sunaye kowanne a ɗaure yake da garinsa, daba kuwa finafinai da rediyo sun kai ta ko'ina, kuma asalinta a farauta yake, wanda ya girmi dukkansu.

Ga yadda nake so jimlar ta fito a rubutu: a ranar 13 ga Fabrairun 2022, a filin SoFi da ke Inglewood, Dr. Dre da Snoop Dogg, jigogin gambarar daba, sun jagoranci wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, Kendrick Lamar ɗan Compton yana tare da su. Snoop ɗin nan shi ne ya kafa gasar ƙwallon yara a 2005, wadda 'yan wasa irin su JuJu Smith-Schuster da C.J. Stroud suka ratsa ta kafin su shiga NFL. Mai yin waƙar mu kira shi mawaƙin gambarar daba, jam'i mawaƙan gambarar daba, kuma wanda yake da hujjar da ta rushe wannan daga cikin malamanmu na Nijar ko Gana, inda kunne zai iya jin kalmar daban, ina roƙon ya kawo ta mu duba kafin mu sa ta a jerin kalmominmu.